Waƙoƙin Ibadar Cocin Katolika a Zamanin Haydn da Mozart

Masana tarihin kiɗa suna kiran shekarun da suka kama daga wajen 1750 zuwa wajen 1820 a nahiyar Turai da sunan zamanin Kilasik. Cibiyar wannan zamani ita ce Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, kuma mutum huɗu ne sunayensu suka fi fita a cikinsa: Joseph Haydn, Wolfgang Amadeus Mozart, Ludwig van Beethoven da Franz Schubert. Duniya ta fi saninsu da kaɗe-kaɗen da ake saurare a manyan ɗakunan taro, amma dukkansu sai da suka bi ta hannun coci. Haydn da Schubert sun fara ne suna yara a ƙungiyar mawaƙan majami'a, Mozart da Beethoven kuwa sun riƙe aikin kaɗa ogan a cocin fada tun suna samari. Kowannensu ya bar waƙoƙin ibada da ake rerawa har yau.

Abin da ya bambanta wannan fanni da sauran ayyukansu shi ne ba su da ikon taɓa kalmomin. Coci ya riga ya tsayar da su da harshen Latin ɗaruruwan shekaru kafin a haife su. Abin da ya rage a hannun mai tsara kiɗa shi ne tsawon waƙar, kayan kiɗan da za su raka ta, da salon da za a rera ta. Ko waɗannan ukun ma ba shi kaɗai ke yanke hukunci a kansu ba. Shugabannin coci suna da ra'ayinsu, sarakunan da ke biyan albashi suna da nasu. Tarihin waƙoƙin ibada na wannan zamani tarihi ne na ja-in-ja tsakanin ɓangarorin nan uku.

Misa da sassanta

Babbar ibadar Cocin Katolika ita ce Misa. Tsarin da ake bi a zamanin ya fito ne daga littafin da Fafaroma Pius na 5 ya fitar a 1570, bayan babban taron shugabannin coci da aka yi a garin Trent daga 1545 zuwa 1563. Addu'o'in Misa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke sauyawa daga rana zuwa rana gwargwadon idin da ake ciki, akwai kuma waɗanda ba sa sauyawa. Idan aka ce wani ya rubuta Misa, ana nufin ya sa wa kashi na biyu kiɗa, kuma sassansa biyar ne.

Na farko shi ne Kyrie, gajeriyar addu'ar neman jinƙai, kuma ita kaɗai ce da harshen Girkanci. Na biyu Gloria, doguwar waƙar yabo. Na uku Credo, wato furta shika-shikan bangaskiyar Kirista kamar yadda aka tsayar da su a tarukan shekarar 325 da 381. Shi ne ya fi kowane sashe yawan kalmomi. Na huɗu Sanctus, waƙar tsarkakewa, wadda masu kiɗa suka saba raba ƙarshenta su mai da shi sashe mai zaman kansa da ake kira Benedictus. Na biyar Agnus Dei, wanda ke rufewa da roƙon zaman lafiya.

Bayan Misa ta yau da kullum akwai Misar mamata da ake kira Requiem, wadda ba a rera Gloria da Credo a cikinta, a zamanin kuma akan sa doguwar waƙa kan ranar hisabi. Akwai ibadar maraice, wadda a zamanin ta ƙunshi surori biyar na Zabura da waƙar yabo ta Maryamu. Akwai kuma Te Deum, waƙar godiya da ake rerawa idan an ci yaƙi, ko an naɗa sarki, ko an yi haihuwa a gidan sarauta.

Mawaƙa da kayan kiɗa

Ana raba ƙungiyar mawaƙa gida huɗu bisa ga kaurin murya: sofurano, wadda ta fi kowace siranta, sai alto, sai teno, sai bas mai kauri. A manyan majami'u maza ne kaɗai ke rerawa, don haka yara maza ke ɗaukar muryoyin sama. Irin waɗannan yara coci ke ciyar da su, ya koya musu karatu da kiɗa, ranar da muryarsu ta fashe kuma a sallame su. Haka ta faru da Haydn, wanda ya shiga ƙungiyar mawaƙan majami'ar Saint Stephen ta Biyana a 1740 yana ɗan shekara 8, aka sallame shi wajen 1749, ya yi shekaru yana fafutukar abin da zai ci kafin ya sami ubangida. A Italiya da wasu fadodi ana amfani da mazan da aka dandaƙe tun suna yara domin muryarsu ta zauna siririya, al'adar da ta mutu daga baya. A ƙananan cocin unguwa da wasu ɗakunan ibada na masu sarauta kuwa mata suna rerawa.

Mafi ƙarancin kayan kiɗan da ake buƙata a cocin Biyana shi ne goge biyu irin na Turawa, da babban goge mai kaurin sauti, da ogan, wato babban abin kiɗan nan mai ɗaruruwan bututu da ake dannawa da yatsu iska ta busa su. Ranar idi sai a ƙara kayan busa masu kama da algaita, da ƙahonin tagulla, da tambura. Kamar yadda kakaki da tambari suke kayan sarauta a ƙasar Hausa, haka ƙahon tagulla da tambari suke a Turai ta wancan lokaci: jin su a coci alama ce ta cewa wani babba yana wurin, ko ranar babba ce. A majami'ar Salzburg akwai ƙananan benaye huɗu a jikin ginshiƙan tsakiya, kowanne da ogan nasa, inda ake rarraba mawaƙa da makaɗa, sauti ya riƙa sauko wa masu ibada ta kowace kusurwa.

Tsohon salo da sabon salo

Masu tsara kiɗa sun gaji hanyoyi biyu. Tsohuwar hanya ita ce ta Palestrina, mutumin Italiya da ya rasu a 1594, inda muryoyi ke saƙa da juna cikin natsuwa, sau da yawa ba tare da kayan kiɗa ba. Johann Joseph Fux, shugaban makaɗan fadar Biyana, ya tattara ƙa'idojinta a littafin da ya wallafa a 1725, kuma Haydn da Mozart da Beethoven duk sun yi nazarinsa. A ɗakin ibadar Fafaroma da ke Rum muryoyi zalla ake ji a wancan lokacin. A can ne Mozart, yana ɗan shekara 14 a 1770, ya saurari waƙar Miserere ta Allegri, ya koma masauki ya rubuta ta da ka, kamar yadda mahaifinsa ya shaida a wasiƙa. A ƙasashen Ostiriya ana komawa ga wannan salo a lokacin azumi da makonnin da ke gaban Kirsimeti.

Sabuwar hanya kuwa daga opera ta fito, wato wasan kwaikwayon da ake yinsa da waƙa, musamman irin na birnin Naples. A nan mawaƙi guda ke fitowa ya nuna gwanintar maƙogwaronsa, makaɗa na mara masa baya. Waƙar Exsultate, jubilate da Mozart ya rubuta a Milan a 1773 misali ce: kalmominta na ibada ne, amma wanda aka rubuta wa ita tauraron opera ne, Venanzio Rauzzini.

Misar zamanin Kilasik ta haɗa hanyoyin biyu. Inda kalmomi ke magana kan haihuwar Almasihu ko gicciye shi, kiɗa kan lafa, a bar wa muryoyi ƙalilan. Inda ake maganar tashi daga matattu sai ƙaho da tambari su ɓarke. Ƙarshen Gloria da na Credo kuma an saba rufe su da abin da ake kira fuga, wanda ya fito daga tsohon salo: murya ɗaya ta ɗauko jigo, ta biyu ta shigo da shi kafin ta farko ta gama, ta uku da ta huɗu su biyo baya, har duka su haɗu a wuri guda. A nan ake gane wanda ya ƙware da wanda ya sha da ka.

Dokar Fafaroma da agogon babban bishop

Shigar salon opera cikin majami'a bai yi wa Rum daɗi ba. A 1749 Fafaroma Benedict na 14 ya fitar da wasiƙa mai suna Annus qui, inda ya yarda da ogan da kayan kiɗa masu tsirkiya, bisa sharaɗin su taimaka wa kalmomi su shiga zuciya, ya kuma haramta tambura da ƙahoni da sarewa da duk abin da ke tuna wa mutum gidan wasa. An yi ƙoƙarin aiki da wannan doka a Biyana na ɗan lokaci, amma ba ta yi ƙarko ba, domin masu sarauta ba su ga dalilin da zai sa ibadar da suke halarta ta rasa alamun girmansu ba.

A Salzburg matsalar ta lokaci ce. Garin ƙasa ce mai cin gashin kanta, babban bishop ne sarkinta. Hieronymus Colloredo, wanda ya hau mulki a 1772, mutum ne mai son tsari da tsimi, ba ya son ibada ta yi tsawo. A wasiƙar da aka aika da sunan Mozart zuwa ga malaminsa Padre Martini na Bologna ranar 4 ga Satumba 1776, an bayyana cewa Misa gaba ɗaya ba ta wuce minti 45, ko da babban bishop ne da kansa ke jagoranta, kuma duk da haka dole a sa ƙahoni da tambura. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka Mozart ya koyi dunƙule abu mai yawa a cikin ɗan lokaci. Misar da ya kammala a watan Maris 1779, wadda daga baya aka laƙaba wa suna Misar Naɗin Sarauta, ba ta cika rabin sa'a ba, amma tana da ƙasaitar babbar Misa. A 1779 da 1780 ya rubuta waƙoƙin ibadar maraice guda biyu, a cikin ta biyun ne aka sami Laudate Dominum, wadda ta shahara ita kaɗai.

Wasu masu kiɗa sun bi wata dabara ta gajarta Misa: a raba layukan Gloria ko Credo tsakanin muryoyi huɗu, kowace ta rera nata a lokaci guda. An furta kowace kalma, an cika ƙa'ida, amma mai sauraro ba ya tsintar komai. Haydn ya yi haka a gajeriyar Misar da ya rubuta a shekarun 1770 wa ƙungiyar 'yan zuhudu masu jinyar marasa lafiya a Eisenstadt, inda Gloria ke ƙarewa cikin kimanin minti ɗaya. Da aka so rera ta a Salzburg, inda ba a yarda da wannan dabara ba, sai ƙanensa Michael Haydn ya faɗaɗa sashen.

Michael Haydn, wanda aka haifa a 1737 ya rasu a 1806, ya yi fiye da shekara 40 yana aiki a Salzburg, kuma mutanen zamaninsa da yawa suna ganin ya fi wansa a fannin waƙoƙin coci. A ƙarshen 1771 ya rubuta Misar mamata domin jana'izar babban bishop Schrattenbach, a shekarar da shi ma ya rasa 'yarsa tilo tana jaririya. Masana suna jin amon wannan aiki a cikin Requiem da Mozart ya rubuta bayan shekara 20.

Gyare-gyaren Sarki Joseph na Biyu

Babbar girgizar ta zo ne daga gwamnati. Sarki Joseph na Biyu, wanda ya mulki ƙasashen Ostiriya shi kaɗai daga 1780 zuwa 1790, yana ganin coci ya tara dukiya da bukukuwa fiye da kima. Ya rufe gidajen 'yan zuhudu kimanin 700, ya mai da dukiyarsu ga gina cocin unguwanni da biyan limamai. A 1783 ya rushe ƙungiyoyin masu ibada na sa kai, waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin bukukuwa da dama, ya kuma fitar da sabon tsarin ibada ga Biyana. Tsarin ya taƙaita Misa mai cikakken rukunin makaɗa ga manyan ranaku, ya buƙaci jama'a su riƙa rera waƙoƙi da Jamusanci, ogan kaɗai na raka su. Colloredo ya riga ya ɗauki irin wannan mataki a Salzburg da wasiƙarsa ta 1782.

Manufar ita ce talaka ya fahimci abin da yake rerawa, kuɗi kuma su tafi inda ake buƙatarsu. Amma makaɗan da cocin Biyana ke ba su abin sakawa a bakin salati sun ji jiki, manyan masu tsara kiɗa kuma suka karkata ga wasu fannoni. Haydn bai sake rubuta Misa ba daga 1782 har 1796, shekara 14 ke nan, ko da yake son opera da ubangidansa ke yi ma ya taimaka wajen hakan. Michael Haydn shi ya rungumi sabon tsarin. Ya rubuta Misa da Jamusanci da ake rerawa har yau a ƙauyukan Ostiriya da Bavariya, da gajerun waƙoƙi fiye da 100 da suka maye gurbin kiɗan da ake yi a da tsakanin karatun wasiƙun manzanni da na Linjila.

Mozart ya rabu da Colloredo baram-baram a 1781 ya koma Biyana. A 1782 ya fara wata babbar Misa ba tare da kowa ya sa shi ba, domin cika alkawarin da ya ɗauka game da aurensa da Constanze. Da yake babu agogon da ke jiransa, sai aikin ya yi faɗin da bai dace da kowace doka ta lokacin ba. Bai kammala ta ba: Credo ya tsaya a tsakiya, Agnus Dei kuma babu shi. An rera abin da ya samu a cocin Saint Peter na Salzburg a watan Oktoba 1783, matarsa na cikin masu rerawa.

Shekarar ƙarshe ta Mozart

Bayan rasuwar Sarki Joseph a 1790 an sassauta dokokin. A 1791 Mozart ya nemi zama mataimakin shugaban makaɗan majami'ar Saint Stephen, Leopold Hofmann, ba tare da albashi ba, da fatan zai gaje shi. Hofmann tsoho ne mai fama da rashin lafiya, amma sai da ya riga ya ga bayan Mozart, bai rasu ba sai 1793. A watan Yuni na 1791 Mozart ya rubuta Ave verum corpus wa abokinsa Anton Stoll, malamin mawaƙan cocin garin Baden. Waƙar ba ta wuce minti uku zuwa huɗu ba, ƙaramar ƙungiya ma za ta iya rera ta, kuma ta yi daidai da sauƙin da masu gyara ke nema.

A wannan bazarar ce wani ɗan saƙo ya zo masa da buƙatar Misar mamata daga mutumin da bai so a san sunansa ba. Mutumin shi ne Franz von Walsegg, mai sarauta da matarsa Anna ta rasu a watan Fabrairu, wanda kuma ya saba sayen kiɗa ya nuna wa baƙinsa a matsayin nasa. Mozart ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana ɗan shekara 35, sashen farko kaɗai ya kammala sarai, ya bar muryoyi da ƙashin bayan wasu sassa, wasu kuma bai taɓa su ba. Matarsa, wadda ke buƙatar ragowar kuɗin aikin domin bashi da 'ya'ya biyu, ta ba Joseph Eybler ya gwada, daga baya Franz Xaver Süssmayr ya ƙarasa. Walsegg ya jagoranci rera ta a watan Disamba 1793. Ita aka rera a taron addu'ar tunawa da Haydn a 1809, da jana'izar Chopin a Faris a 1849.

Misa shida na ƙarshe na Haydn

Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya zama shugaban makaɗansu a 1766. Bayan tafiye-tafiyensa biyu zuwa Landan tsakanin 1791 da 1795 ya dawo gida da suna da dukiya. Sabon ubangidansa, Yarima Nikolaus na Biyu, bai ɗora masa wani nauyi mai yawa ba illa Misa guda a shekara, domin bikin ranar sunan matarsa Maria Hermenegild a watan Satumba. Daga 1796 zuwa 1802 Haydn ya rubuta Misa shida, ta ƙarshe yana ɗan shekara 70. A cikinsu ya zuba duk abin da ya koya wajen rubuta simfoni fiye da 100. Ya rage dogayen waƙoƙin mutum ɗaya irin na opera, ya mai da manyan mawaƙa huɗu wata ƙaramar ƙungiya da ke musayar zance da babbar, makaɗa kuma suka zama abokan tafiya na sosai.

Biyu daga cikinsu suna ɗauke da tabon yaƙi. Ta 1796 shi da kansa ya sa mata suna Misa a Lokacin Yaƙi, domin a shekarar ce sojojin Faransa ƙarƙashin Napoliyon ke fatattakar na Ostiriya a arewacin Italiya. A sashen Agnus Dei ana jin tambari yana gunji a hankali kamar runduna na tahowa daga nesa, sannan roƙon zaman lafiya ya biyo. Ta 1798 ya kira ta Misa a Cikin Ƙunci. A lokacin yarima ya sallami mabusansa domin rage kashe kuɗi, sai Haydn ya yi aiki da abin da ke hannu: kayan tsirkiya, ƙaho uku, tambura da ogan. Wannan ƙarancin shi ya ba ta kaifin sautin da ta shahara da shi. An fi saninta da Misar Nelson, saboda kwamandan jiragen ruwan Ingila da ya ci Faransa da yaƙi a gaɓar Masar a watan Agusta 1798, wanda kuma ya ziyarci Eisenstadt a 1800.

An sha sukar Haydn da cewa waƙoƙinsa na coci sun cika fara'a. Marubutan tarihinsa sun ruwaito cewa amsarsa ita ce idan ya tuna Allah zuciyarsa kan cika da murna, ba ya kuma iya ɓoye ta.

Beethoven da Schubert

Bayan Haydn ya tsufa, Yarima Nikolaus ya nemi Beethoven ya rubuta Misar 1807. An rera ta a Eisenstadt ranar 13 ga Satumba, ba ta gamsar da yariman ba, Beethoven ya bar garin ransa a ɓace. Misarsa ta biyu, Missa solemnis, ya fara ta a 1819 domin bikin naɗa ɗalibinsa kuma majiɓincinsa Rudolph, ƙanen sarkin Ostiriya, a matsayin babban bishop na Olomouc a watan Maris 1820. Aka yi biki aka watse bai gama ba, sai a 1823, lokacin kurumtarsa ta yi nisa. Tana ɗaukar kimanin minti 80, tsawon da ya fi ƙarfin ibadar yau da kullum. An fara rera ta cikakkiya a birnin Saint Petersburg na Rasha a watan Afrilu 1824, a taron kiɗa. Ranar 7 ga Mayu na shekarar an rera sassa uku a wani gidan wasa na Biyana tare da simfoninsa na 9, amma sai da aka sauya musu suna, domin hukuma ba ta yarda a rera Misa a gidan wasa ba. Daga nan hanyar Misa ta rabu biyu, ɗaya ta zauna a gaban bagadi, ɗaya ta nufi ɗakin taro.

Schubert ya fi kusa da cocin unguwa. Misarsa ta farko ya rubuta ta a 1814 yana ɗan shekara 17, domin cikar cocin unguwarsu ta Lichtental shekara 100, malaminsa Antonio Salieri na cikin masu sauraro. Ya rubuta Misa shida da Latin, kuma a dukkansu ya tsallake layin Credo da ke furta imani da coci, abin da masana ke tattaunawa a kansa har yau. A 1827 ya rubuta Misa da Jamusanci mai sauƙin rerawa ga jama'a. Ya rasu a 1828 yana ɗan shekara 31, Misarsa ta ƙarshe ba a rera ta ba sai 1829.

Wajen ƙasar Ostiriya

A Faransa juyin juya halin 1789 ya wargaza makarantun mawaƙan majami'u. Bayan dawowar sarauta, Luigi Cherubini ya rubuta Misar mamata da aka rera a watan Janairu 1817 domin tunawa da Sarki Louis na 16, wanda aka fille wa kai a 1793. Beethoven yana girmama wannan aiki ƙwarai.

Salon ya kuma ƙetare teku. A Rio de Janeiro ta ƙasar Birazil, José Maurício Nunes Garcia, limamin coci kuma jikan bayi 'yan Afirka, ya zama shugaban makaɗan majami'ar birnin a 1798. Da fadar Fotugal ta yi ƙaura zuwa can a 1808 saboda mamayar Napoliyon, shi aka ba jagorancin kiɗan ɗakin ibadar sarki. Ya rubuta Misar mamata tasa a 1816, kuma a watan Disamba 1819 ya jagoranci rera Requiem na Mozart a birnin.

Suka da makoma

Tun a 1814 marubuci E. T. A. Hoffmann ya koka cewa waƙar coci ta ɗauki ƙamshin gidan wasa, ya yi kira da a koma ga Palestrina. Wannan ra'ayi ya zama ƙungiya a 1868, lokacin da limami Franz Xaver Witt ya kafa ƙungiyar Cecilia a ƙasashen masu jin Jamusanci. A ranar 22 ga Nuwamba 1903 Fafaroma Pius na 10 ya fitar da doka da ta ɗora tsohuwar rerawar Gregori mai murya ɗaya a kan gaba, ta hana ganguna da piyano, ta kuma hana a sa limami ya tsaya a bagadi yana jiran mawaƙa su gama. Wannan ya fitar da Misar Haydn da Mozart daga majami'u da yawa, amma Biyana da Salzburg sun riƙe al'adarsu.

Babban taron Vatican na Biyu ya sake buɗe ƙofa a dokarsa ta 4 ga Disamba 1963. Ya umarci a adana taskar waƙoƙin da aka gada, ya ba harsunan gida wuri a cikin ibada, ya kuma ce a mutunta kaɗe-kaɗen al'ummomin da addinin ya je musu daga baya. Shi ya sa a cocin Katolika na Kaduna ko Jos ake rera sassan nan biyar da Hausa, ganga na tashi, abin da dokar 1749 da ta 1903 ba za su lamunta ba. Ranar 29 ga Yuni 1985 kuma Herbert von Karajan ya jagoranci Misar Naɗin Sarauta ta Mozart a majami'ar Saint Peter ta Rum, Fafaroma John Paul na Biyu yana jagorantar ibadar. A ɗakin ibadar tsohuwar fadar Biyana, inda Schubert ya yi waƙa yana yaro, ƙungiyar yara mawaƙa da asalinta ke komawa ga 1498 tana rera waɗannan Misa a ranakun Lahadi na mafi yawan watannin shekara, a cikin ibadar da tun farko aka rubuta su dominta.